DIKTATOR A ƘOFAR YAYA

SHAFI NA 19

Masu cika mini waya da "ina shafin yau, ina shafin yau," ku yi haƙuri, hannu biyu Allah ya ba ni, ɗaya kuma yana riƙe da aikin da ke ciyar da ni. Ke kuwa da kika kwashe shafin jiya kika kai wani zaure kika goge sunana, na gan ki, magana ce dai ban yi ba. Masu zagin Anti a ƙasan rubutu, kada ku ƙarar da zagin duka a kanta. Ku rage kaɗan a ajiye, wataƙila a buƙace shi.

Mu je.

*

Tun daga bakin get Auta ta san da matsala. Motar Yaya tana nan a inda take kwana, alhali Asabar ce, ranar da yake tafiya taron malaman makarantar da yake shugabanta, ba ya dawowa sai la'asar.

Ta dafe jakarta. A ƙaramin aljihun ciki akwai sabon makulli, yanzun nan ta karɓo shi daga wurin mai yankan makulli. Na durowar Yaya ne, inda ta tabbata fasfonta yake kulle tun ranar da ya karɓa da sunan zai adana mata. Jibi Litinin ake rufe karɓar fasfo a ofishin biza. In nata bai shiga ba, gurbin karatun fassara da ta yi shekaru tana nema a Rasha ya bi ruwa, wata za a ba.

Ba wanda ta faɗa wa maganar makullin nan sai Mama. Ita ma a ɗakinta, ƙofa a rufe, famfon banɗaki a buɗe yana zuba, kamar yadda Mama ke sa ta yi duk lokacin da za su yi maganar sirri.

Ta tura ƙofar falo da sallama.

"Shigo, malamar harsuna," in ji Yaya. "Ke muke jira."

Yana tsaye a tsakiyar falo, hannuwa goye a baya, irin tsayuwar da yake yi wa ɗaliban da suka makara. Anti, matarsa, tana zaune a hannun kujera, ido ya yi ja, waya a cinyarta.

"Lafiya, Yaya? Ba ka fita ba?"

"Na fasa. Yau ni ma darasi zan ɗauka."

Ga wanda bai biyo mu tun farko ba, bari in taƙaita masa. Malamar da ke koya wa Auta Rashanci ta waya tana da doka guda: duk kalmar da ka koya, ka rubuta ta a 'yar takarda mai gam, ka liƙa a jikin abin. Tebur ya samu tasa, firij ya samu tasa, taga, madubi, har bokitin shara. Gidan ya cika da 'yan takardu ruwan ɗorawa, da baƙaƙen da ba mai iya karantawa sai ita. Da farko Yaya ya yi faɗa, daga baya ido ya saba.

Sai aka zo darasin siyasa, kalmomin mulkin zalunci, don mai fassara labarai ba ta da abincin da ya wuce su. Malama ta ce waɗannan kam ba su da jikin da za a liƙa musu takarda, sai dai hadda. Auta ta ɗaga kai ta dubi gidansu, ta ce a ranta, suna da shi mana. Ta bi ta ɓare tsofaffin takardun, ta maye su da sababbi. Launi ɗaya, hannu ɗaya, wa zai gane?

Abin da ta manta shi ne sana'ar Anti. Mayukan shafawa take sayarwa, masu zuwa da rubutun ƙasashe iri-iri, kuma da kyamarar waya take fassara su. Yau da safe ta ɗaga wayar za ta karanta wani kwali a bakin ɗakinta, wayar ta kama takardar jikin ƙofa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Yaya ya miƙa hannu ba tare da ya kalli matarsa ba, ta ɗora masa wayar.

"Taho. Daga waje za mu fara."

"Yaya, rana na sha, bari in..."

"Ban tambaye ki ba."

Ta bi shi. Ya tsaya a jikin get, ya ɗora yatsa a kan takardar.

"Ranar da na tambaye ki wannan, me kika ce mini?"

"Get."

"Karanta."

"Tyurma."

"Fassara. Ai aikinki ne, a kansa gidan rediyo ke riƙe da ke."

Ya ɗaga wayar ya saita, ya juyo mata da ita har kusan hancinta.

"Gidan yari," ya ce. "Gidan da ubanmu ya gina da guminsa, shi ne gidan yari."

Ni dai da ni ce Auta da na sunkuyar da kai na ba da haƙuri, tunda abin da nake nema yana hannun mutumin. Amma kun san ta, bakinta ba shi da birki.

"To me ake kiran gidan da ake kulle mace mai shekara talatin da ɗoriya tun magariba, makulli kuma a aljihun mutum ɗaya?"

"Ana kiransa gidan mutunci."

"Masu gadin kurkuku ma haka suke cewa."

Jijiyar wuyansa ta motsa. Ya koma ciki, ta bi shi. Ya nuna agogon bango.

"Wannan fa?"

"Komendantskiy chas. Dokar hana fita."

Ya nuna na'urar intanet da ke kan kanta, wadda yake canza wa lambar sirri duk sanda aka ɓata masa rai.

"Tsenzura. Tace abin da mutane za su ji."

Ta daina jira ya tambaya. Tunda asiri ya tonu, gara ta karanta da bakinta da a karanta mata. Ta taka da kanta zuwa babban hotonsa da ya cinye rabin bangon falo, wanda yake karɓar kambun yabo yana murmushin da ba a taɓa gani a gida ba.

"Kult lichnosti. Shugaba ya cika gari da hotonsa har a fara zaton shi ya halicci ruwan sama."

Wani sauti ya kuɓuce wa Anti, ta yi maza ta mai da shi tari. Yaya ya juya ya watsa mata kallo.

"Dariya kike? To taso, ga naki."

Suka shiga lungun ɗakuna. Ƙofa huɗu ce a jere, kowace da takardarta. Anti ta tsaya a gaban tata.

"Ni ba na son waya ta faɗa mini," ta ce. "Ke nake so ki faɗa da bakinki, Auta."

"Donoschitsa."

"Me ke nan?"

"Wayar ba ta gaya miki ba?"

"Ta gaya mini. Ke nake so in ji."

Auta ta dube ta ido cikin ido. "Macen da ke zama da mutane, ta ci da su, ta yi dariya da su, sannan ta zagaya ta kai sunayensu wurin hukuma."

"Ni?"

"Ke."

"Kullum ina share ƙofar nan," in ji Anti, muryarta ta fara karyewa. "Ranar da gam ɗin ya saki takardar ta faɗi, ni na ɗauka na goge mata ƙura na mayar. Na ce kada karatun Auta ya ɓata. Ashe zagina nake mayarwa da hannuna."

Maganar ta soki Auta, ba ƙarya. Amma haushin watanni ya fi ƙarfin kunyar minti ɗaya.

"Anti, mu bar kukan nan. Wa ya gaya masa na nemi gurbin karatu, tun kafin takardar ta fito? Wa ya gaya masa ranar da na je sabunta fasfo, har ya tare ni a get ya karɓe? Aljanu?"

"Wallahi ba ni ba ce."

"A gidan nan ko tari na yi sai ya ji. Malamarmu ta ce a can, zamanin da bango ke da kunne, famfo mutane ke buɗewa kafin su yi magana. Da ta faɗa dariya na yi, na ce ai mu ma haka muke yi ni da Mama. Kin san saboda wa? Saboda ke."

"Saboda ni?"

"Mama da kanta ke cewa in buɗe, kada a ji mu. Wa ke wuni a gida ban da ke?"

Anti ta juya wurin mijinta.

"Ka gaya mata mana. Ka gaya mata sau nawa na roƙe ka ka ba ta fasfonta, har ka yi kwanaki ba ka cin abincina."

"Ke, ba da ke nake ba yanzu," in ji Yaya.

Ya matsa gaban ƙofarsa. Takardar tana daidai tsayin idonsa, wurin da yake kallo kullum in zai murɗa makulli.

"Wannan ko waya ban buƙata ba, da na ji yadda ake furta ta. Diktator."

"Ɗan kama-karya," in ji Auta. "Ka ce in dinga fassarawa."

"Ni ne ɗan kama-karya."

"Kai ka faɗa."

"Ranar da aka fita da gawar Baba, a kafaɗata kika yi barci. Ko takalminki ba ki iya ɗaurawa ba. Ni na kai ki makaranta, ni na je na tsaya ranar da aka kore ki don rashin kunya, ni na..."

"Na sani, Yaya. Shi ma yana cikin darasin. Dukkansu da haka suke farawa, ni na gina muku hanya, ni na kawo muku ruwa. Sai su riƙe wuyan mutane da hannun da suka ba su ruwan."

"Auta."

"Ka ba ni fasfona in tafi, sai ka huta da rashin kunyata."

Ya nuna ƙofarta da haɓa. Takardar jikinta ta fi sauran tsawo, sai da ta haɗa biyu.

"Ke me kika ba kanki?"

"Fursunar siyasa."

"Fursuna mai albashi, mai ɗaki da fanka, wadda ko kofin da ta sha shayi ba ta wankewa. Allah ya ba mu irin kurkukunki." Ya juya ga ƙofar ƙarshe, ta Mama, muryarsa ta sauka. "Ita ma ba ki ƙyale ta ba?"

"Narod," ta ce, a karon farko da taushi. "Talakawa. Waɗanda ake mulka ba a tambayarsu. Ka mai da ita kamar kayan ɗaki, ba ta da ta cewa a gidan mijinta. Ita kaɗai ce ke jin tausayina a gidan nan."

Yaya ya kalli ƙofar Mama, ya ɗauke kai. Ya mayar wa Anti wayarta, sannan ya buɗe tafin hannu a gaban Auta.

"Ba ni makullin."

Ta ƙanƙame jakarta.

"Wane makulli?"

"Wanda kika je kika yanko. Kin danna nawa a jikin sabulu ranar da nake wanka. Ba ni."

Har sabulun ya sani. Auta ta juya a hankali ta kalli Anti, kallon da ya sa Anti ta ja da baya har ta bugi bango.

"Har ta cikin ƙarar ruwa kike ji? Kunne ne da ke ko na'ura?"

"Auta, ki ji tsoron Allah."

"Ke kika ji shi? Shi ya sa kika tashi da kukan takarda, don a ce ke aka zalunta. Ashe kin riga kin kai rahoton safe."

"Ni ban san da wani makulli ba sai yau, a bakinsa na ji."

"Ƙarya kike."

"Ya isa," in ji Yaya. Ya fizge jakar daga kafaɗarta, ya zazzage ta a ƙasa. Biro, turare, katin aiki, 'yan takardu masu gam da ba a rubuta ba tukuna, duk suka watse. Makullin ya faɗo ƙarshe, ya yi ƙara a kan tayil.

"Obysk," in ji Auta, tana huci. "Binciken gida ba takardar kotu. Saura wannan ban samu wurin liƙawa ba, na gode da ka ba ni."

Ya duƙa ya ɗauki makullin. Ta zaci aljihu zai jefa shi. Sai ya kamo hannunta ya danƙa mata, ya tura ƙofar ɗakinsa da ƙafa.

"Shiga. Buɗe."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Ba shi kika sha rana a kai ba? Buɗe, ki ɗauki abin da kika zo sata."

Ta shiga. Sai da ta gwada sau biyu makullin ya shiga. Mai yankan ya iya aikinsa, durowar ta buɗe ba gardama.

Takardun gida. Tsohon tabaran Baba a cikin kwalinsa. Hatimin makaranta. Ta ɗaga wannan, ta ture wancan, ta zaro durowar gaba ɗaya ta kife ta a kan gado.

Babu.

"Ina fasfona?"

"Ba ya nan."

"Na ga ba ya nan. Ina ka kai shi?"

"Bai taɓa kwana a ɗakin nan ba."

"Yaya, jibi ne. Jibi ake rufewa. In wasa kake ka bari, in horo ne na horu. Ka ce in ɓare takardun nan in cinye su ɗaya bayan ɗaya, wallahi zan ci. Ka ba ni kawai."

Tsoro ne zalla ya kama ta, irin wanda ba ya barin wurin girman kai.

Yaya ya kau da kai. Mutumin da malamai ke miƙewa in sun ji takunsa, sai ga shi yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Ki bar maganar nan, Auta. Ki haƙura da tafiyar."

"Ka ƙona shi?"

"A'a."

"Ka ba wani ajiya?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Wa ka ba?"

Daga bakin ƙofa Anti ta share hawaye da bayan hannu. Da alama haƙurinta ya kai inda zai kai.

"Tunda ni ce munafukar, bari in yi aikin ko sau ɗaya a rayuwata. Yau da safe ya shirya tsaf, har ya ɗauki makullin mota. Ya shiga gaida Mama. Da ya fito ya ajiye makullin, ya ce ba inda za shi, wai ke za ki zo ki buɗe masa durowa. A lokacin ko takardar ƙofata ban karanta ba."

"Ke," in ji Yaya da ƙarfi. "Rufe mini baki."

"Kada ki sake ki sa Mama a bakinki," in ji Auta. Ta taso har gabanta. "Ki zage ni, ki kai ni ƙara duk inda kika ga dama, amma tsohuwar da ko tsakar gida ba ta iya zagawa sai da sanda..."

Ƙwas.

Duka ukun suka juya.

Ƙwas. Ƙwas.

Ƙofar ƙarshe ta buɗe. Mama ta fito tana dogara sandarta, mayafi a kafaɗa, fuskar nan ba yabo ba fallasa. Ta dubi kayan jakar da ke warwatse a ƙasa, ta dubi 'ya'yanta, ta dubi surukarta.

Auta ta ruga ta riƙe mata hannu.

"Mama, koma ki kwanta, ƙafarki. Kin ji abin da matar nan ke ƙoƙarin ɗora miki?"

Mama ta zare hannunta a hankali.

Yaya ya karɓi wayar ya matso yana rusunawa. "Mama, ki ga abin da yarinyar nan ta rubuta mana. In aka saita wayar a kai sai ta..."

"Ajiye abin nan."

Ya ajiye.

Ta taka zuwa ƙofarsa. Ta ɗan ja kai baya kamar yadda take yi in za ta zura zare a allura, ta ƙura wa takardar ido.

"Diktator," ta ce.

Auta ta saki murmushin tausayi. Ai yanzu aka gama faɗar kalmar da ƙarfi, ko ta bayan ƙofa an ji. Amma Mama ba ta tsaya ba. Ta matsa ƙofar Auta, mai doguwar takardar nan da ba wanda ya furta da Rashanci yau, wadda ita kanta Auta sai da ta yi mako tana cizon harshe a kanta.

"Politzaklyuchonnaya."

Tas, ba tuntuɓe. Ko Malama ba ta fitar da ita haka.

Murmushin ya bushe a fuskar Auta. Ta tuna yammacin da take zama a bakin gadon Mama tana matsa mata ƙafa, tana maimaita kalmomin darasi da ƙarfi, Mama tana cewa wannan yare kamar ana tauna tsakuwa. Ta tuna leɓɓan Mama suna motsi a hankali tare da nata. Ita duk zatonta tasbihi take yi.

"Mama... a ina..."

Mama ba ta kula ta ba. Ta koma ƙofar Yaya, ta sa farce ta ɓare takardar.

"Eto ne yego," ta ce. "Eto moyo."

Yaya da Anti suka kalli Auta, don ita ce mai fassarar gidan. Bakinta ya furta da kansa, da wata murya da ba ta san tana da ita ba.

"Ta ce... wannan ba tasa ba ce. Tata ce."

Mama ta tsaya a ƙofar Anti, ta ɓare ta biyun.

"Wannan ma tawa ce," ta ce da Hausa. "Ku daina wahalar da 'yar mutane."

Ta isa ƙofarta, ta cire wadda aka rubuta talakawa, ta miƙa wa Anti.

"Ungo, 'yar nan. In akwai talaka a gidan nan ke ce."

Sannan ta liƙa biyun a jikin ƙofarta, ɗaya a kan ɗaya, ta bi su da babban yatsa tana dannawa har suka zauna daram. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

"Gurbin karatun, ni na faɗa masa," in ji Mama. "Ranar sabunta fasfo, ni na ce ya tare ki. Kulle get da magariba, dokata ce tun kafin ya yi gemu. Shi dai baki ne, ni ce mai maganar. Ya sha zaginki wata da watanni bai tona ni ba, Allah ya yi masa albarka."

"Amin," in ji Yaya a can ƙasan maƙoshi, kansa a sunkuye.

"Amma ke kike cewa in yi haƙuri, za ki lallashe shi," in ji Auta. "Ke kike share mini hawaye. Ke kika ce... Mama, ke kika ce in gwada sabulu."

"Da ban ce ba, da kin nemi wata hanyar da ban sani ba. Wanda ke son sanin inda ruwa zai bi, shi ke haƙa masa kwata."

"Na gaya miki komai."

"Kin gaya mini. Haka ake yi, ai yana cikin darasinku. Ba maƙiyi ake gaya wa ba, wanda aka yarda da shi ake gaya wa." Ta ɗan karkata kai. "Da malamarku ta ba ku labarin famfo kika zo kina dariya, ba ki taɓa tambayar kanki ba a ina tsohuwa irina ta koyi buɗe famfo kafin ta yi magana?"

Auta ta jingina da bango. Ga kunyar Anti da ke tsaye da 'yar takarda a hannu, ga kunyar Yaya, amma duk ba su kai zafin abin da Mama ta yi mata ba.

"Kin taɓa zuwa can," ta ce.

"Kafin in san ubanku."

"Kuma ba wanda ya sani?"

"Shi ya sani, ya tafi da shi kabari. Wannan kuwa," ta nuna Yaya da sanda, "umarni kawai yake bi, bai taɓa tambaya ta dalili ba. Da kin yi koyi da shi da ba mu zo nan ba."

"Me ya faru a can?"

"Mu biyu muka tafi daga gidanmu, ni da ƙanwata. Ita ma bakinta ba ya shiru, kamar naki. Ni kaɗai na dawo."

Auta ba ta taɓa jin Mama tana da ƙanwa ba, Yaya ma da ganin fuskarsa yau ya fara ji.

"Mama, wancan zamani daban ne. Ni karatu zan je in dawo. Ki ba ni, don Allah. Jibi ne."

"Ita ma karatu ta je."

Mama ta juya ta shige ɗakinta, ta bar ƙofar a buɗe. Suna kallo ta ɗaga matashin da Auta ke gyara mata kullum kafin ta kwanta, ta zura hannu cikin rigarsa, ta zaro fasfon. Duk watannin nan a ƙarƙashin hannun Auta yake.

Auta ta yi ciki da gudu.

"Tsaya nan," in ji Mama.

Ta tsaya cak. Yaya ma bai taɓa tsayar da ita da kalma biyu haka ba.

Mama ta dogara sanda ta shiga banɗaki, ta tsaya a gaban kwamin wanke hannu, ta jingine sandar. Ta buɗe fasfon daidai shafin hoto.

"Otkroy kran, dochka."

Buɗe famfo, 'yata.

Jiki da sabo. Kafin Auta ta yi tunani ta riga ta shiga banɗakin, hannunta ya kai, ya murɗa, kamar yadda ya saba yi duk ranar da za a yi maganar sirri. Ruwa ya ɓarke da ƙarfi. Ta ja da baya tana jiran Mama ta rage murya ta fara ba ta labarin ƙanwarta.

Mama ba ta rage murya ba.

"Yau ba don kunnen kowa na ce ki buɗe ba," ta ce.

Ta miƙa hannun da ke riƙe da fasfon wajen ruwan.